Shafin da ya ƙi shiga wayar Yaya

A firojet ɗinmu na ND II mun gina shafin intanet na wayar da kai kan cutar noma. Ba noman gona ba fa! Cuta ce mai cin fuskar yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa. Daga dasashi take farawa: jini, warin baki, sai kunci ya kumbura. In an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri ana tare ta. In aka bari, yawancin yaran ba sa tashi.

A kwamfuta shafin ya yi kyau, har muna tafawa. Da na buɗe shi a ƙaramar wayar yayata, wallahi kunya ta kama ni. Rabin rubutun ya ɓuya a gefe, hoton farko kuwa ya ƙi sauka. Ga shi irinta, uwa mai data ta naira ɗari, muka yi wa aikin.

Sai muka koma CSS muka faro daga ƙaramin allo: komai a jere ɗaya daga sama zuwa ƙasa, in allo ya faɗaɗa shafin ya baje da kansa. Alamomin cutar muka sa a farko, sai Asibitin Noma na Sakkwato, tarihi can ƙasa. Hotunan yara muka cire, muka sa zane mara nauyi. Ɗan wani ba abin talla ba ne.

Saura murya da Hausa don wanda bai iya karatu ba. Mai zazzaƙar murya ya neme mu a sashen kwamfuta.