Maganin Ciwon Damuwa: Amfaninsa, Illolinsa, da Hattarar Mai Ketare Iyaka

Babu ɗan Adam da baƙin ciki bai taɓa ziyartarsa ba. Rashin ɗan'uwa, karayar jari, ko barin gida ba da son rai ba, duk suna sa zuciya ta yi nauyi, kuma yawanci nauyin yakan ragu da tafiyar kwanaki. Ciwon damuwa daban yake. Shi ne mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya, ya daina jin daɗin abin da a da yake faranta masa rai, barci da cin abinci su rikice, ƙarfi ya ƙare, har gona ko kasuwa ko renon yara su gagare shi. Wani ma ba ya kukan baƙin ciki, sai dai ciwon kai, nauyin ƙirji da ciwon jiki da aka rasa dalilinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo a duniya. Ba ragwanci ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Sai dai maganin yana da ɗabi'a guda wadda ya kamata kowa ya sani kafin ya haɗiyi ƙwayar farko: a hankali yake fara aiki, a hankali kuma ake barinsa. Wannan ɗabi'a ce ta sa ya fi wuya ga fatake, makiyaya, 'yan ci-rani da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, masu kai da komo tsakanin Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi.

Waɗanne magunguna ne?

Iri biyu aka fi samu a asibitocinmu. Na farko shi ne amitriptyline, tsohon magani da aka fara amfani da shi a Amurka tun 1961. Na biyu shi ne fluoxetine, wanda aka amince da shi a can a 1987, kuma yana da 'yan'uwa irin su sertraline da paroxetine. Dukansu suna aiki ne a kan sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, musamman wanda ake kira serotonin. Amitriptyline da fluoxetine suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. A ƙarƙashin shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2008 don kai kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa ƙananan asibitoci, ma'aikacin lafiya da ya sami horo yana iya rubuta su ko da babu ƙwararren likita a garin.

Amfanin da ake sa rai

A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522, waɗanda mutum sama da 116,000 suka shiga. An kwatanta magunguna 21 da ƙwayar da ba magani a cikinta, aka tarar kowannensu ya fi ta tasiri. Amma ratar ba ta da faɗi sosai, kuma ba kowa maganin farko ke yi wa aiki ba. Saboda haka ba a fara ba wa mai ciwo marar tsanani ƙwaya. Tattaunawa da ma'aikacin da ya ƙware, komawa harkokin yau da kullum sannu a hankali, da tallafin iyali sun fi dacewa da shi. Ƙwaya ta fi amfani ga wanda ciwon ya kwantar, ya hana shi aiki, kuma ta fi kyau idan an haɗa ta da waccan tattaunawa.

Sauƙin ba ya zuwa dare ɗaya. Barci da cin abinci ne sukan fara gyaruwa, daga baya zuciya ta sake. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ga canji, cikakken amfani kuwa yakan kai mako shida. Illolin, a ɗaya gefen, a makon farko suke bayyana. Nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna, su ce maganin bai karɓe su ba, alhali kuwa bai ma fara aikinsa ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Idan mako shida sun cika babu sauƙi, a koma wurin ma'aikacin lafiya ya ƙara ƙarfin maganin ko ya sauya wani. Kada mutum ya ƙara da kansa.

Illolin da aka saba gani

Fluoxetine da 'yan'uwansa sukan kawo tashin zuciya, ciwon kai, zawo, rashin natsuwa da ƙarancin barci. Shi ya sa ake shan fluoxetine da safe, kuma shansa tare da abinci yana rage tashin zuciyar. Galibin waɗannan sukan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Wadda takan daɗe ita ce raguwar sha'awa ko jinkirin biyan buƙata tsakanin miji da mata. Kunya tana hana mutane faɗin wannan, sai su ajiye maganin a ɓoye. A gaya wa ma'aikacin lafiya, domin akwai gyara.

Amitriptyline kuwa yana sa barci, shi ya sa ake shansa da dare. Yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida, hazo-hazon gani, ƙarin ƙiba, da jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya. Ga dattawa maza yana iya riƙe fitsari. Direba da ɗan kabu-kabu su jira su ga yadda maganin yake musu kafin su hau hanya. Yana kuma iya rage gumi, wanda shi ne hanyar da jiki ke sanyaya kansa, saboda haka a zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, mai shansa ya yawaita shan ruwa, ya nemi inuwa da tsakar rana.

Haɗarin da ba a wasa da shi

Na farko, tunanin kashe kai. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi a kan waɗannan magunguna cewa suna iya ƙara irin wannan tunani ga yara da matasa, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa masu shekara 24. Haɗarin ya fi yawa a makonnin farko da lokacin da aka sauya ƙarfin magani. Ciwon da kansa, idan an bar shi, yana kai mutane ga wannan. Don haka iyali su sa ido. Idan mara lafiya ya fara zancen mutuwa, ya kasa zama wuri ɗaya, ko yana rabar da kayansa kamar mai ban kwana, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 waɗannan magunguna a ƙaramin asibiti.

Na biyu, shan fiye da kima. Amitriptyline da yawa a lokaci guda yana rikita bugun zuciya, yana kuma kisa. A ajiye shi nesa da yara, kuma idan ana fargabar mara lafiya zai cutar da kansa, wani babba a gidan ya riƙe maganin yana ba shi na kullum. Mai ciwon zuciya, musamman wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ya faɗa tun kafin a rubuta masa.

Na uku, haɗa shi da wasu ƙwayoyi. Tramadol, wanda ya yawaita a tashoshi da kasuwanninmu, idan ya haɗu da maganin damuwa yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko wani yanayi mai haɗari na zazzaɓi, rawar jiki, zufa da ruɗewa. Aspirin, ibuprofen da diclofenac tare da fluoxetine suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro, irin su Coartem da kinin, ba sa jituwa da amitriptyline saboda zuciya. Ba a fasa maganin zazzaɓi, amma a sanar da mai rubutawa domin ya zaɓi abin da ya dace. Giya tana ƙara maye da jiri. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ambace su.

Na huɗu, akwai masu ciwon da ke juyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana yawan surutu da kashe kuɗi ba lissafi, maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da wannan hali. Nasa maganin daban ne.

Mace mai ciki ko mai shayarwa kada ta fara, kada kuma ta daina, sai da shawara. Ciwon damuwa bayan haihuwa yana cutar da uwa da jariri duka, kuma akwai magunguna, irin su sertraline, da kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono.

Yaushe ake dainawa?

Samun sauƙi ba alamar a daina ba ce. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan warkewa, littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata tara zuwa goma sha biyu ya ce, domin wanda ya yanke da wuri ciwon yakan dawo masa. Waɗannan magunguna ba sa sa maye ko ƙishirwar ƙari irin ta tramadol, amma jiki yana sabawa da su. Wanda ya daina farat ɗaya yana iya jin jiri, tashin zuciya, fushi, munanan mafarkai, ko wani abu kamar jan lantarki a kai. Paroxetine ya fi yin haka; fluoxetine bai cika yi ba, domin yana daɗewa kafin ya fita daga jiki. Ana rage maganin ne kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. A watan azumi ma ba sai an ajiye shi ba, tunda yawanci sau ɗaya ake sha a rana. A nemi shawara a mayar da lokacin zuwa sahur ko bayan buɗa baki.

Kafin a ketare iyaka

Wanda aka rubuta wa magani a Maraɗi yana iya ƙarar da shi a Katsina, wanda ya fara a Maiduguri kuma tafiya ta kai shi Kusiri ko Njamena. Kwalin da ya sani ba lalle ya same shi a can ba. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, amitriptyline an fi saninsa da Laroxyl, paroxetine kuma da Deroxat; fluoxetine shi ne Prozac, sertraline shi ne Zoloft. Saboda haka a roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta a takarda ainihin sunan maganin, ƙarfinsa a miligiram, lokacin sha, da ranar da aka fara. A ɗauki hoton takardar a waya. A tafi da abin da zai ishi tafiyar har da rarar 'yan kwanaki, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, don kauce wa tambaya a bakin iyaka. A kiyaye shi daga rana da zafin mota.

Idan ya ƙare a hanya, a nufi asibiti ko kantin magani mai lasisi, wanda ake kira kemis a wani gefen, farmasi a ɗaya gefen. Kada a saya a faranti ko a bayan keke. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Idan an manta ba a sha na rana ɗaya ba, a ci gaba da na gobe yadda aka saba, ba a ninkawa.

Duk wanda ya ga alamun da aka ambata a kansa ko a wani nasa, ya fara da asibitin da ya fi kusa. Mai buƙatar ƙwararru za a tura shi gaba, zuwa wurare irin su asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na Kware, Kaduna da Maiduguri, ko sashen da ke Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ya tafi da ɗan'uwan da ya yarda da shi, da kuma duk ƙwayoyin da yake sha, domin ma'aikacin lafiya ya gan su da idonsa.