Ɓatan Lambar Lasisi Ba Shi Ne Babbar Hasara Ba Wajen Sake Ɗora Windows

Daga Wakilinmu

A ƙaddara wani ɗalibi ne na ajin ƙarshe, saura mako biyu ya miƙa kundin bincikensa, ya wayi gari kwamfutarsa ta ƙi tashi. Ko kuwa wani akawu ne a ma'aikata, wanda jadawalin albashi da wasiƙun shekara uku suke cikin tasa. Da zarar an kai wa mai gyara, abin da zai fara faɗi shi ne sai an sake ɗora mata Windows, watau babbar manhajar da ke tafiyar da dukan ayyukan na'urar. Daga nan sai tambayar da ke tayar wa mutane hankali ta biyo baya: ina lambar lasisinka? Galibi mai kwamfutar bai taɓa ganinta ba, ko kuwa takardar ta daɗe da bin kwali zuwa juji.

A wannan gaɓa ce mutane da yawa suke yin hasara kashi biyu. Da fari su biya kuɗi a kan lasisin da tun asali suna da shi. Sa'an nan, saboda hankalinsu ya tafi ga neman lamba, su manta da abin da ya fi ta daraja, watau rubuce-rubucen da ke cikin na'urar, har sai an share su sarai.

Ita dai wannan lamba haruffa ne da alƙaluma 25, an kasa su gida biyar, kowane gida biyar-biyar. Tun daga Windows XP ta shekarar 2001 kamfanin Microsoft na Amurka ya wajabta wa jama'a tabbatar da lasisinsu gare shi, ta intanet ko ta tarho. A zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, akan buga lambar a jikin wata 'yar takarda a manna a ƙarƙashin kwamfutar, wani lokaci a cikin gurbin batir. Duk wanda ya yi shekara biyu yana aza kwamfuta a cinya ya san yadda zafi da gumi suke goge wannan rubutu. To, daga wancan zamani ne fargabar ɓatan lamba ta samo asali, kuma ta zauna a zukatan mutane har bayan da dalilinta ya gushe.

Dalilin ya fara gushewa ne a 2012. Da Windows 8 ta fito, manyan masu ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suka daina buga lambar a takarda, suka koma dasa ta a cikin babban faifan na'urar, wanda masu gyara suke kira madabod. Lambar da ke can ba ta gogewa ko da an share rumbun ajiya ƙarƙaf, ko an cire shi an sa sabo. In aka zo sake ɗora Windows, manhajar da kanta take karanto ta, yawanci ma ba ta tambayar komai.

Windows 10 kuwa, wadda aka fitar ran 29 ga Yuli, 2015, ta zo da wani tsari na dabam. A karo na farko da aka tabbatar da lasisin wata kwamfuta, kamfanin yakan ɗauki shaidar kayan cikinta ya adana a wurinsa, kamar yadda ake ɗaukar hoton yatsa. Duk ran da aka sake ɗora mata manhajar, da ta hau intanet sai a gane ta, a mayar mata da lasisinta ba tare da an buga harafi ko ɗaya ba. Windows 11 ta 2021 ma a kan wannan tsari take tafiya.

Saboda haka aikin ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Idan kwamfutar tana tashi, akwai hanyar mayar da ita sabuwa daga cikin sashen saituna, kuma wannan hanya ba ta neman lamba. Tana ma ba mutum zaɓin ya bar takardunsa, ko da yake manhajojin da ya ɗora da hannunsa za su tafi. Idan kuwa ta ƙi tashi sam, sai a nemi wata kwamfuta mai lafiya da filashi wanda bai gaza gigabait 8 ba, a sauko da Windows daga shafin Microsoft kyauta, a zuba a ciki. A lura, duk abin da ke cikin filashin zai goge. In aiki ya kai inda ake tambayar lamba, akwai wani ɗan rubutu a ƙasa da ke nufin "ba ni da lamba". Shi za a latsa a wuce.

Akwai wuri guda da ake yawan tuntuɓe. Windows iri-iri ce, waɗanda aka fi sani su ne Home da Pro, kuma lasisin ɗaya ba ya buɗe ɗaya. Mutum yana da lasisin Home, sai ya ga sunan Pro ya fi daɗin ji ya zaɓe ta, ya dawo yana kukan lasisinsa ya ɓace, alhali kuwa yana nan daram. Haka kuma in madabod ce ta ƙone aka canja ta, kamfanin yakan ɗauki na'urar a matsayin sabuwa. Wanda ya haɗa lasisinsa da asusunsa na Microsoft tun da wuri yana da hanyar neman a mayar masa, musamman in da kuɗinsa ya sayi lasisin dabam. Wanda ya zo manne da kwamfuta daga masana'anta, bisa ƙa'ida, ba a ɗauke shi a kai wa wata na'ura.

To amma duk wannan bayani ya shafi wanda yake da lasisin gaskiya ne tun farko, kuma a nan ne maganar ta zo gida. Kwamfutoci masu yawa da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata na gwanjo ne, waɗanda aka gama aiki da su a Turai ko Amurka, suka biyo ta kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja kafin su iso Arewa. Da dama daga cikinsu suna ɗauke da lambarsu ta asali a madabod, mai su bai sani ba. Wasu kuwa an ɗora musu irin lasisin da ake sayar wa manyan ma'aikatu a dunƙule, wanda wa'adinsa kwana 180 ne, kuma ba ya sabuntuwa sai na'urar ta tuntuɓi sabar ma'aikatar da ta saye shi. Shi ya sa mutum zai sayi kwamfuta lafiya lau, bayan wata biyar ko shida ta fara yi masa gargaɗi cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Mai son sanin matsayin tasa sai ya latsa maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta slmgr /xpr; nan take za ta nuna ko na dindindin ne, ko kuwa ranar da zai ƙare.

Abin da wasu masu gyara suke yi in sun ga haka shi ne su zuba wata manhajar sata da ke yaudarar Windows ta zaci an biya. Kafin ta shiga ma sai an kashe mai gadin kwamfutar, watau manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi tsaki. Masana tsaro sun sha kama irin waɗannan manhajoji ɗauke da ɓarayin kalmomin sirri. Ma'aikacin da ya bari aka zuba ta a na'urar da ke riƙe da bayanan albashi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa. Ban da haka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da manhajojin kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Kwamfutar ofis dai sashen kula da na'urori na ma'aikata ake kai wa, domin su ne suka san irin lasisin da aka saya.

Abin mamaki shi ne, Windows da ba a tabbatar da lasisinta ba tana aiki. Za ta sa wani rubutu dishi-dishi a kusurwar allo, ta hana canja launi da hoton bango, amma ɗalibi zai iya ƙarasa kundinsa a kanta kafin ya daidaita maganar lasisi. Babu gaggawar da ta kai a miƙa wuya ga manhajar sata.

Gaggawar gaskiya tana wajen takardu. Kalmar "fomatin" da masu gyara suke faɗi a sauƙaƙe tana nufin share rumbun ajiya ne baki ɗaya. Kwamfutar da ta ƙi tashi, sau da yawa takardunta suna nan lafiya. Ana iya cire rumbun a jona shi da wata na'ura a kwashe komai, ko a tayar da ita da filashi mai ɗauke da Linux a kwashe. Aikin sa'a ɗaya ko biyu ne, amma mai gyaran da mutum biyar suke jira ba zai yi ba sai an ce masa ya yi. Wajibi ne mai kaya ya buɗe babi ɗaya ko biyu ya gani da idonsa a inda aka kwafe su, kafin ya yarda a share.

Akwai kuma wata lamba da ta fi ta lasisi haɗari, wadda ba kowa ya san da ita ba. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle abin da ke cikin rumbunsu da wani tsari mai suna BitLocker, kuma tun daga Windows 11 ta ƙarshen 2024 kullewar ta ƙara yawaita, ba tare da mai na'ura ya nema ba. Mabuɗin wannan kulle alƙaluma 48 ne, kuma yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara buɗe kwamfutar da shi, ko a wurin ma'aikata in ta ofis ce. In an cire rumbun ko an canja madabod, sai an kawo shi. Lambar lasisi in ta ɓace da gaske, kuɗi suna sayen wata. Wannan kuwa in ta ɓace, ko kamfanin da kansa ba ya iya ƙirƙiro ta. Ɗalibin da mai shago ya buɗe masa asusu a gurguje ranar ciniki, bai riƙe imel ɗin ba balle kalmar sirri, ya kamata ya binciki wannan magana tun na'urarsa tana da lafiya. Haka nan Microsoft Office, wadda ake buga takardu da ita, lasisinta dabam ne da na Windows, kuma ba ya dawowa don an sake ɗora wancan.

Saura masu tsofaffin na'urori. Lambar Windows 7 da ke jikin takarda ta daina buɗe Windows 10 tun shekarar 2023, ko da yake na'urar da ta riga ta haye kafin lokacin tana nan da lasisinta. Ita kanta Windows 10, kamfanin ya daina kula da ita ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi, kuma kwamfutoci da yawa da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai irin wannan na'ura, kafin ya kashe kuɗi a kan lasisi, yana iya gwada Ubuntu ko Linux Mint. Kyauta ne, ba su da lambar da za a nema, kuma LibreOffice da ake aiki da ita a kansu tana buɗe takardun Word da Excel, sai dai a wasu lokuta tsarin shafi yakan ɗan gurɓace, don haka sai an sake duba kundin kafin a kai shi wurin bugawa.