3.2 Tasirin Rangwamen Haraji da Yarjejeniyar Ciniki a kan Ƙananan Sana'o'i

Kamar yadda aka nuna a babin da ya gabata, babbar matsalar mai ƙaramar sana'a ita ce ƙarancin jari. Saboda haka duk kuɗin da hukuma ta yafe masa tamkar ƙarin jari ne. A nan za a duba hanyoyi biyu da hakan ke faruwa, wato rangwamen haraji da kuma yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe.

A Nijeriya, Dokar Kuɗi ta 2019, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2020, ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba. Wanda cinikinsa ya haura haka, amma bai kai miliyan 100 ba, an rage masa zuwa kashi 20 cikin ɗari a maimakon kashi 30. Alal misali, kamfanin niƙa da ya yi cinikin miliyan 20 ya ci ribar miliyan 3, a da naira dubu 900 zai biya. Wannan kuɗi in ya zauna a hannun mai shi zai iya gyara inji, ko ya sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta ƙara faɗaɗa wannan rangwame.

Sai dai akwai wani hanzari. Rangwamen ya shafi kamfani ne mai rajista, alhali kuwa akasarin 'yan tireda da maɗinka da masu sayar da hatsi ba kamfanoni ba ne. Abin da ke cin jarinsu shi ne kuɗin rumfa da na lodi da na shingen hanya, waɗanda jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi ke karɓa. Dokar 2019 ba ta taɓa waɗannan ba. Hasali ma ita ce ta ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari.

Dangane da yarjejeniyar ciniki kuwa, tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta tsara cewa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu su riƙa shiga ƙasashenta ba tare da kuɗin fito ba, sannan a 1990 aka haɗa da kayan masana'antu. Amfanin wannan shi ne faɗaɗa kasuwa, domin ɗan kasuwar Dawanau zai samu masu saye a sauran ƙasashen ƙungiyar, dukawan Kano kuma su kai jakunkuna Akara. Amma yarjejeniya ba ta aiki sai iyaka tana buɗe. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka a Yamai cikin Yulin 2019, ga shi kuwa a watan Agusta ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Babban kamfani yana iya karkatar da kayansa ta jirgin ruwa. Mai buhu ashirin na albasa a Illela ba shi da wannan zarafi, kayansa a mota suke ruɓewa.