Gangar Turara Shinkafa Da Bandar Kifi A Ƙasar Haɗejiya: Abin Da Wuta Ke Ci Ban Da Itace

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan fadamar Haɗejiya tsakanin watan Nuwamba da na Janairu, watau lokacin da aka gama yankan shinkafar damina hunturu kuma ya kankama, ba zai rasa ganin hayaƙi yana tashi daga bayan gidaje tun da asuba ba. Wani hayaƙin na masu jin ɗumi ne, wani na masu bandar kifi, amma mafi yawansa daga ƙarƙashin ganguna yake fitowa, inda mata ke turara shanshera kafin a kai ta inji. Daga Auyo zuwa Kafin Hausa, daga Guri zuwa Kiri Kasamma, wannan ganga ta ƙarfe da aka girka a kan murhu ita ce masana'antar gida. Ba ta da lamba a littafin kowace ma'aikata, ba a kuwa ware mata ko kwabo a kasafin kuɗi, amma ran da gindinta ya huje, sana'ar gida guda ta tsaya ke nan.

Abin mamaki shi ne, ciwon da ke kashe wannan ganga shi ne ke damun wata na'ura mai tsada a ƙasashen sanyi. A karkarar Amurka da Kanada akwai wata babbar tukunyar ƙarfe da ake girkawa a waje, can nesa da gida, cikin ɗan akurki nata. Tsakiyarta murhu ne, kewayen murhun kuwa tanki ne cike da ruwa. Idan aka hura itace ruwan ya yi zafi, sai famfo mai aiki da lantarki ya tura shi ta bututun da aka binne a ƙasa, ya shiga gida ya ɗumama ɗakuna, sa'an nan ya komo a sake dafa shi. Manoma da masu gandun daji sun yi rububin sayenta a shekarun 1990 da na 2000, domin itace kyauta ne a gare su, man ɗumama gida kuwa da tsada.

Ba a daɗe ba aibinta ya bayyana. Da zarar ruwan ya kai zafin da ake so, na'urar takan toshe ƙofar iska da kanta, wutar ta koma cin ciki, ba ta mutu ba ba ta kuwa ci sosai ba. A wannan hali hayaƙi yakan yi kauri, ya daskare a jikin ƙarfen da ruwa ya sanyaya, ya zama wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Shi ke toshe bututun hayaƙi, shi ke liƙe ƙofa, wani lokaci ma ya kama da wuta. Toka kuwa idan ta taru a kusurwa ta sha laima sai ta yi ta cin ƙarfen a hankali har ruwa ya fara ɗiga cikin murhu. Ta ɓangaren tanki ma tsatsa na nan tana aikinta, sai fa in mai tukunyar yana zuba maganin hana tsatsa yana kuma auna ruwan a kai a kai. Ga famfo da kan lalace a tsakiyar sanyi, ga bututun ƙasa da kan jiƙe ya riƙa zubar da zafi a banza. Maƙwabta suka yi ta kai ƙara saboda hayaƙi, har a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa iyakar hayaƙin da sabuwar tukunya za ta fitar, ta ƙara tsananta dokar a watan Mayu na 2020. Sababbin da aka ƙera bayan nan suna ƙona hayaƙin a karo na biyu, saboda haka ba su cin itace da yawa, amma sun fi tsofaffin tsirfa: ba su yarda da ɗanyen itace ko kaɗan, suna kuma bukatar shara da dubawa fiye da da.

Mutumin Haɗejiya ba shi da bukatar irin wannan tukunya. Ɗarin hunturu, ko da ya tsananta, na 'yan makonni ne, bargo da kaskon garwashi sun ishe shi. Sai dai a nan ma akwai abin tsoro, domin garwashin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuwa iya kashe mai barci bai ko motsa ba. Amma ta wajen sana'a, darasin tukunyar Amurka ya shafe shi kai tsaye, gama abubuwa uku ne suka haɗu a can, su ne kuma suka haɗu a nan: wuta, da ruwa, da ƙarfe.

Yadda Ganga Ke Mutuwa

Aikin turara, wanda a wasu wurare ake kira gumi, ba shi da wuyar bayani. Ana wanke shanshera, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, da safe a tsame, a mayar da ita ganga da ɗan ruwa kaɗan a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta har tururi ya ratsa ta ɓawon ya fara tsagewa. Daga nan sai shanya. Amfaninsa kuwa babba ne: ƙwayar takan yi ƙarfi ta daina karyewa a inji, wani abin gina jiki da ke cikin dusa yakan shige cikin ƙwayar, ƙwari kuma ba su saurin cinta a ajiya.

Matsalar ita ce gangar da ake aikin da ita ba don wuta aka ƙera ta ba. Gangar mai ce ko ta wani sinadari, kaurin ƙarfenta bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Muddin akwai ruwa a gindinta, ruwan ne ke kwashe zafin, ƙarfen ba ya wuce zafin tafasa da yawa. Amma da zarar ruwan ya ƙone, mai aiki kuwa ba ta ankara ba domin buhu ya rufe kome, sai gindin ya yi ja, shinkafar ƙasa ta babbake, ƙarfen ya riƙa ɓarewa falle-falle. Idan aka yi gaggawar kwara ruwan sanyi don a ceci shinkafa, sai ƙarfen ya lanƙwashe, bakin haɗin gindi ya tsage. Kowane karo ƙarfe na raguwa, har ran da za a ɗora ganga a ji murhu yana cuwa, ruwa na ɗiga a kan garwashi.

Abin da wuta ta bari kuma tsatsa ke ƙarasawa. An saba idan an gama aiki a bar ganga a tsaye da guntun ruwan jiƙo a ciki, gindinta kuma zaune cikin toka. Duk matar da ta taɓa tace ruwan toka don miya ta san kaifinsa. Jiƙaƙƙiyar toka tana riƙe laima a jikin ƙarfe dare da rana, gishirin da ke cikinta yana gaggauta tsatsa, tukunyar dalma kuwa cinta yake yi kai tsaye. Gangar da aka bari haka ta yi damina guda a waje, ko ba a hura mata wuta ba, ta riga ta tsufa. Tsatsar ba a jikin ganga take tsayawa ba, takan rina shinkafa ta yi duhu, mai saye kuwa a kasuwa da ido yake fara ciniki. Haka nan shinkafar da ke ƙasa cikin ruwa takan dahu ta wuce kima, ta sama ba ta ji tururi sosai ba, a fito da buhu guda mai launi uku. Ta haka mai turara ke hasara sau biyu, a wajen mai walda da kuma a wajen awo.

Shi mai waldan ma yana cikin haɗari wanda ba a cika maganarsa ba. Rufaffiyar gangar da ta taɓa ɗaukar fetur ko wani mai, ko an zazzage ta ƙaf, tururin man yana nan ciki, tartsatsi guda ya isa ya fasa ta. Wadda ta ɗauki maganin ƙwari kuwa bai kamata abinci ya kusance ta ba ko an wanke ta sau goma.

Sai batun itace, wanda shi ne ya fi kome cin kuɗi. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta fara ƙone wannan ruwa kafin ta ba da zafi. Shi ya sa masana ke cewa kada a hura itacen da laimarsa ta wuce kashi 20 cikin 100. Murhun duwatsu uku kuma, ga shi a fili iskar hunturu na kaɗawa, abin da ke isa ga tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran duk sararin Allah ake ɗumamawa.

Da can ana iya cewa ai daji na nan. Fadamar Haɗejiya ta shahara da bagaruwa da giyayya da goruba, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke shayarwa. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sake. Wasu wuraren da ruwa ke malalewa a da sun daina samunsa, wasu kuma ruwan ya zauna musu rani da damina har kacalla ta mamaye su ta toshe hanyoyin ruwa. Ko ta wace fuska, itatuwan fadama ba su ji daɗi ba. Ga motocin itace masu kai wa birane, ga masu gawayi. Dajin Baturiya da ke Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, bai tsira daga gatari ba. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tare da tsadar iskar gas da ta kananzir, ya mayar da gidaje da yawa na birni kan itace da gawayi, suka shiga takara da mai turara a kan dami guda.

Masu bandar kifi, waɗanda ke ciyar da kasuwar kifi ta Haɗejiya da tarwaɗa da karfasa da sauransu, nasu ciwon ya ɗan bambanta. Murhun banda na laka yakan tsage da zafi, damina ta zaizaye shi, ragar waya kuma kitsen kifi da gishiri da wuta su cinye ta. Idan raga ta ɓarke kifi ya zube cikin wuta, cinikin yini ya tafi. Kitsen da ke ɗiga kan garwashi shi ke tayar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da likitoci suka danganta da ciwon daji, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta tsananta ƙa'idarta a kan kifi mai banda tun 2014.

Gyara Ya Fi Rabo Wuya

Ba a rasa dabaru ba. A 1969 aka fito da murhun banda na Chorkor a wani ƙauyen masunta kusa da Accra ta ƙasar Gana, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, ana jera faifan raga masu firam na katako bisa juna, wuta guda ta busar da hawa da yawa. Ya bazu a Afirka ta Yamma don dalili guda: magini da kafinta na ƙauye suna iya yinsa, suna kuma iya gyara shi. Ta wajen shinkafa, cibiyar AfricaRice ta ƙera wata tukunya da ake kira GEM, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da murhu rufaffe da ƙugiyar ɗaga kaya, aka kafa irinta a Lafiya ta Jihar Nasarawa a 2016. Tana fitar da shinkafa fes, tana rage itace ƙwarai, daga baya ma aka yi mata murhu mai cin ɓuntu. Sai dai kayan ƙungiya ce, ba ta mace ɗaya ba, waldar irin wannan ƙarfe kuwa ba kowane mai walda na bakin kasuwa ke da kayanta da saninta ba.

A nan ne ya kamata ma'aikatan gwamnati su tsaya su yi tunani. An saba a yi bikin raba na'urori, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto cewa mata kaza sun amfana. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne na'urori nawa ke aiki bayan shekara biyu, wa ke da alhakin gyaransu, a ina kuma za a sami abin da ya lalace. Bature mai tukunyar ɗumama gida yana da dillali da takardar garanti da waya a hannu, duk da haka yana kuka da tsatsa. Ina ga matar da ke wani ƙauye a bayan Guri, wanda in ruwa ya cika sai da kwalekwale ake shigarsa? Na'urar da ba a iya gyara ta a Haɗejiya ko Malam Madori, komai kyanta, ƙarshenta kaji ne za su riƙa kwana a ciki.

Abin da ya fi dacewa da halin da ake ciki bai kai wannan tsada ba. Wani shiri na hukumar JICA ta Japan da aka gudanar a jihohin Nasarawa da Neja daga 2011 ya koya wa masu turara sa wani faifan ƙarfe mai huje-huje a cikin tukunya, ɗan sama da gindi. Ruwa yana ƙasa, shanshera tana bisa faifai, tururi kaɗai ke taɓa ta. Shinkafa ba ta babbakewa, launinta yakan zo ɗaya, ana kuma iya zuba ruwan da zai kai ƙarshen aiki ba tare da gindi ya bushe ba. Kowane maƙeri zai iya yanka wannan faifai. In aka haɗa shi da murfi mai kyau maimakon buhu kaɗai, aka kewaye murhu da ginin laka mai ƙofar iska guda, aka sa mai walda ya liƙa wa gindin ganga ƙarfe mai kauri tun tana sabuwa, an magance rabin ciwon. Sauran rabin kuwa na ɗabi'a ne: a kwashe toka bayan kowane aiki, a zubar da ruwa, a kife ganga a kan dutse a inuwa, a kuma sayi itacen baɗi tun bana a jera shi inda iska ke ratsawa.

Malaman gona na hukumar JARDA su ne suka fi kusa da waɗannan mata, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya kuwa ga aikin bincike a bakin ƙofarsu. Sikeli da agogo da littafin rubutu sun isa a auna itacen da buhu guda ke ci a murhun duwatsu da kuma a ginannen murhu, a ƙidaya karo nawa ganga ke hawa wuta kafin ta huje. Ɓuntun da ke jibge a bayan injinan casa na garin, wanda sau da yawa a banza yake cin wuta, shi ma yana jiran wanda zai gwada murhun da zai ƙona shi a ƙarƙashin ganga, kafin shinkafar rani ta Auyo ta iso a watan Mayu.