Renon Yaro Mai Jinyar Sankarar Jini

Sankarar jini cuta ce da ke farawa daga ɓargo, wato inda jiki ke sarrafa jini, a lokacin da fararen ƙwayoyin jini marasa ƙwari suka yi ta hayayyafa har suka mamaye gurbin lafiyayyun. Nau'in da ya fi kama yara, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ALL, ya fi bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma alamunsa na farko, kamar zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da ɗashewar fata, da ciwon ƙashi, da kumburin kaluluwa, da zubar jini daga dasashi, sukan sa a ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro ko sikila har a yi watanni ana sayen magani a kemis. Cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ba sakacin uwa ba ne ya jawo ta, abin da ya kamata dangin miji su ji tun da wuri.

Jinyar kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. A matakin farko, wanda ke ɗaukar kimanin mako 4 zuwa 6, ana ba yaro magunguna masu ƙarfi irin su vincristine da prednisolone, ana kuma sanya wani maganin ta cikin ruwan laka da allura a gadon baya, domin cutar kan ɓuya a inda maganin da ake sanyawa ta jijiyar jini ba ya isa sosai. A wannan lokaci ne iyaye ke ganin ɗansu ya sauya musu: fuska ta yi kumburi, yunwa ta tashe shi cikin dare yana neman tuwo, ga fushi da kuka ba dalili, gashi kuma ya fara zuba a kan matashin kai. Yawancin wannan aikin magani ne, kuma yakan wuce idan an daina shansa, saboda haka dukan yaro a kan rigimar da ba yin kansa ba ce zalunci ne.

Haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne bayan sauƙi ya samu. A ƙarshen watan farko mafi yawan yara sukan warware, su koma wasa, gwaji ma ya kasa gano cutar a ɓargo, sai iyayen da kuɗin mota da na magani suka riga suka tatike su ce an samu lafiya, su daina zuwa asibiti. Alhali kuwa akwai ragowar ƙwayoyin cutar da gwajin bai kama ba, kuma su ne doguwar jinyar ke farauta, ta hanyar ƙwayar mercaptopurine da ake sha kullum a gida da methotrexate sau ɗaya a mako. Idan cutar ta dawo, shawo kanta ya fi wuya nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta adadin bai kai kashi 30 ba, kuma yanke jinya yana cikin manyan dalilai. Wannan ne ya sa a shekarar 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030.

Sai batun zazzaɓi, wanda babu wasa a cikinsa. Maganin yana rage garkuwar jiki, har ƙwayar cutar da ba za ta kayar da wani yaron ba takan iya halaka wannan cikin sa'o'i. Saboda haka gidan da ke da irin wannan majinyaci yana buƙatar ma'aunin zafin jiki, kuma da zarar ya nuna digiri 38 sai a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne, ba tare da an ba shi farasitamol an jira gari ya waye ba. Haka nan ana nisanta shi daga mai ƙyanda ko ƙarambau, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a tafasa masa ruwan sha, sannan a tuntuɓi likitansa kafin a yi masa kowace irin rigakafi. Addu'a ba ta cin karo da jinya, amma jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa suna iya ƙara wa hanta nauyi a kan wanda magani ya riga ya ɗora mata.

Sau da yawa uwa ce ke kwana a asibiti, uba yana fafutukar kuɗi da neman masu ba da jini, sauran yaran kuwa an rarraba su gidajen dangi ba tare da an yi musu bayani ba, su ma kuma suna da hakkin a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Dangin da ke son taimakawa su sani cewa buƙatar ba ta ƙarewa da sallama daga asibiti: kuɗin motar wata na 18 yana da muhimmanci daidai da ledar jinin makon farko.