Sharar cikin kwamfuta

Idan ɗan makaranta zai yi lissafi, yakan fara gwadawa bisa allo. In ya samu amsa, sai ya rubuta cikin kaye, ya goge allon.

Ita ma kwamfuta haka take yi. Lokacin da take aiki, tana buɗe ƙananan fayiloli na wucin gadi. Da yawansu suna cikin wata jaka mai suna Temp, kuma sunansu yakan ƙare da .tmp. In aiki ya ƙare, sai ta goge su da kanta.

Amma idan aka ɗauke wuta, ko aka kashe ta da gaggawa, sai fayilolin su saura. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har su cika ma'ajiya. Daga nan kwamfuta ta yi nauyi, ta kasa ajiye sabon aiki.

Sharewa ba wuya. Da farko mutum yana ajiye aikinsa, ya rufe duk abin da ya buɗe. Sannan ya kira mai shara. A cikin Windows akwai shi tun 1998, sunansa da Faransanci Nettoyage de disque. Shi ke nuna fayilolin wucin gadi, mutum ya zaɓa, ya goge.

Sai dai a yi hattara. Fayil ɗin da ba a sani ba, ba a goge shi da ka. Yaro yakan tambayi malam tukuna, don mai sharar aji ba ya zubar da kaye.

Tambayoyi
1. Yaushe fayilolin wucin gadi ke saura?
2. Mi ake yi kafin a share su?