Hoton Cikin Ido: Yadda Ake Gano Funfuna Kafin Ta Cinye Gani

Funfunar da ɗalibi ya saba gani a kan tsohon burodi tana da dangi masu yawa, kuma wasu daga cikinsu kan shiga har cikin ƙwayar idon ɗan Adam. Wadda ta fi yin haka ta hanyar jini ita ce Candida albicans, sai kuma Aspergillus. Sun fi kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, wato kamar mai ciwon sukari, ko majiyyacin da ya daɗe da robar ƙarin ruwa a jijiya, ko mai yi wa kansa allurar miyagun ƙwayoyi.

Haɗarin wannan cuta shi ne kamanninta da kumburin ido na yau da kullum. Idan aka ɗauke ta a haka, aka ba da maganin sitiroyid mai danne kumburi shi kaɗai, to an buɗe wa funfuna ƙofa ke nan. Rainon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kuwa kan ɗauki kwanaki, alhali ido ba ya jira. A nan ne hoto yake da muhimmanci.

Da madubin leƙa ido, wanda Bajamushe Hermann von Helmholtz ya gabatar a 1851, likita kan hango fararen ɗigo-ɗigo a kan ratina, wato tantanin da ke karɓar haske. Wani lokaci sukan jeru cikin ruwan ido mai kauri tamkar carbi. Idan ruwan ya gurɓace har haske ya kasa ratsa shi, sai a koma ga hoton da ake ɗauka da amon sauti.

A 1991 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da na'urar OCT, wadda ke amfani da haske ta nuna ratina hawa-hawa, ba tare da an tsaga ido ba. Da ita ake ganin yadda funfuna kan faro daga shimfiɗar jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin ratina, ta huda ta, ta ɓullo cikin ruwan ido.

Hoto dai jagora ne. Tabbaci yana zuwa ne daga gwajin ruwan idon. Amma shi ke ba likita damar fara magani irin su fluconazole ko amphotericin B da wuri. Saboda haka, majiyyacin da ya soma ganin hazo ko ɗigo na yawo a gabansa, a hanzarta kai shi wurin likitan ido.